Notin da Maigida Ya Ɗaure

Ni na ƙona motar Maigida Shiozawa. Gara in faɗa tun daga farko, domin na san halina. Idan na bari sai tsakiyar labari zan yi ta kewaye-kewaye, in ɗora wa waya laifi, in ɗora wa tsufan mota, in ɗora wa ranar Lahadi, har ku tashi kuna tausaya mini.

Sunana Kumagai Norio. Wayarin ɗin mota ne sana'ata a nan garin Iida, kuma duk abin da hannuna ya iya, a wurin Shiozawa Tatsuji ya koya. Shekara goma na yi a ƙarƙashinsa kafin ya sallame ni na buɗe nawa garejin, yau shekara talatin da ɗaya ke nan. Furfura ta cinye mini kai, jikoki biyu gare ni, amma har gobe idan ya kira ni a waya sai na miƙe tsaye nake amsawa, ina ta rusuna wa bango. Matata Harue ta sha cewa ranar da zan rusuna mata rabin haka, ranar za ta dafa jar shinkafar biki ta raba wa maƙwabta.

Maigida shekararsa saba'in da tara. Ya rufe garejinsa tuni, ya koma gidan gado a can saman dutse, bayan gonakin tuffa. Mota biyu gare shi. Akwai 'yar farar a-kori-kura irin ta manoma, wadda yake saukowa da ita gari kowace rana ya je gidan kula da tsofaffi inda matarsa Fumie take kwance tun da ɓarin jikinta ya shanye. Shi yake ba ta abincin rana a baki. Ma'aikatan gidan sun ce idan wani ne ya riƙe cokalin, loma uku take yi ta kau da kai. Sai kuma ɗayar, Mai Hanci. Motar gudu ce mai kujera biyu, ruwan lemo, bonet ɗinta ya kusa rabin tsawonta. Sabuwa fil ya saye ta a 1973, kuma babu hannun da ya taɓa shiga cikin wayoyinta sai nasa. Ran Lahadi da ita yake zuwa wurin Fumie, wai tun daga kwanar gidan mai take gane kukan injin.

Don haka ranar da ya shigo garejina da ita, wata Laraba a tsakiyar watan goma, ya ajiye mini makulli a kan tebur, sai da na dubi makullin na dubi fuskarsa.

"Me kake kallo? Ba ka taɓa ganin makulli ba?"

"Na gani, Maigida. Wannan ne dai ban taɓa gani a teburina ba."

"To buɗe ido ka gani da kyau. Altaneta nake so ka sauya mata. Batir ba ya cika, fitilun nan kuma sun zama kamar kyandir. Idan na shiga hanyar cikin dutse lalube nake yi." Ya dubi yatsunsa. "Ƙananan wayoyin nan sun fara yi mini rawa a ido. Kada ka gaya wa Michiyo."

Michiyo 'yarsa ce tilo, tana aure a Nagoya. Shekara biyu ke nan tana bin sa da maganar ya ajiye tuƙi, shi kuma yana ce mata ta je ta ajiye bakinta tukuna.

Ya riga ya sayo sabuwar altaneta, tana cikin kwali a kujerar gefe. Tsohuwar arba'in take bayarwa a ma'aunin wuta idan ta yi ƙoƙari, sabuwar casa'in. Na ce an gama, Maigida. Har ya kai ƙofa ya juyo ya nuna ni da yatsa.

"Abu biyu. Ran Lahadi Fumie za ta cika saba'in da biyar, da Mai Hanci zan je. Na biyu, kada ka kashe mini allura."

Allurar da yake nufi ta agogon caji ce, ɗan ƙaramin agogo a tsakiyar dashbod. Idan ana caji ta karkata dama, idan ana shan batir ta karkata hagu. Shekara hamsin yana tuƙi da ido ɗaya a kanta. Kuma a nan matsalar take. A irin motocin nan na dā, duk wutar da altaneta ta haifa sai ta bi wata siririyar waya ta shiga cikin mota, ta ratsa ta bayan agogon nan, sannan ta fito ta je batir. An yi wayar ne don arba'in. Ka tura mata casa'in, kamar ka ɗauki ruwan famfon kashe gobara ne ka ce ya bi ta tiyon ban-ruwan fulawa. Aikin da ya dace, wanda ko almajirin wata shida ya sani, shi ne ka ja waya mai kauri daga altaneta kai tsaye zuwa batir, da nata fis, ka cire agogon daga hanya. Amma idan ka yi haka allurar ta mutu, sai dai ka sa mata wani ɗan ƙarfe da zai riƙa ɗiba mata kaɗan daga wutar. Na buga waya na yi odarsa ranar. Suka ce sai Talata.

Hanya biyu ce a gabana, kowace mai sauƙi. Ko in ce, "Maigida, a yi haƙuri sai Talata." Ko in ja wayar mai kauri, in ce masa allurar za ta yi barcin kwana uku. Shekara arba'in da ɗaya da na san mutumin nan, ban taɓa ce masa ban gama ba. Kuma wannan ne karo na farko da ya ba ni Mai Hanci. Na hango shi yana duban matacciyar allura, sannan ya dube ni, ya yi wannan ɗan tsakin nasa ta hanci. Raina ya ƙi. Na ce wa kaina kwana uku ne kawai, tafiyar rabin awa ce, da rana kuma, tsoho ne ba gudu yake yi ba. Na haɗa sabuwar altaneta a kan tsohuwar waya.

Da a nan na tsaya, da sai in ce ganganci ne. Amma ran Asabar da safe na tayar da ita don gwaji, na kunna fitilu da hita, ba a yi minti biyu ba fis ɗin da ke kan wayar ya narke. Aikinsa ke nan, ya mutu don kada waya ta mutu. Motar ta gaya mini gaskiya da bakinta. Na tsaya da narkakken fis a tafin hannu, na ja tsaki, na buɗe durowa na ɗauko wanda ya ninka shi ƙarfi na cusa. Allura ta karkata dama, cas da ita. Har daɗi na ji.

Da yamma ya zo. A garejin Shiozawa akwai wata ɗabi'a da duk wanda ya fito daga hannunsa yake riƙe da ita. Idan ƙarami ya yi aiki, ba ya ɗaure noti na ƙarshe. Yakan bar shi a sake, ya miƙa wa babba sifana da hannu biyu. Babba ya duba aikin, ya ɗaure. Daga nan aikin ya zama na wanda ya ɗaure, kyansa da muninsa. Haka ya riƙa ɗauke mana laifi a gaban masu mota muna samari, daga baya ya shigo da mu ciki ya wanke mu tas. Ni ma ranar haka na yi. Na bar notin da ke riƙe babbar waya a bayan altaneta, na miƙa masa sifana mai lamba goma.

"Kai har yanzu ba ka daina wannan ba? Garejinka ne fa."

"Motarka ce, Maigida."

Ya ji daɗi, na gani a kunnuwansa. Ya sunkuya, ya lalubi notin da yatsa don idon ba ya kaiwa, ya ɗaure. Dā can da sai ya bi wayar da hannu tun daga altaneta har batir, ya kama ni a taku na biyu. Wannan karon bai bi ba. Ya shiga ya tayar, ya ga allurarsa tana rawa, ya ce, "Hm. Ashe dai ba a banza na ciyar da kai ba." Yabo mafi girma ke nan da na taɓa samu daga bakinsa, kuma a kan aikin da ya fi kowanne muni a rayuwata.

Ran Lahadi wajen sha ɗaya da rabi wayata ta yi ƙara. Wani direba ne mai ɗaukar tuffa, ya ce wani tsoho ne ya ba shi lambata. Tun kafin ya ƙarasa na ɗauki makullin motar ja.

Maigida yana fitowa daga hanyar cikin dutse hayaƙi ya turnuƙe daga ƙarƙashin dashbod. Ya tsaya, ya fito, ya ɗaga bonet, ya fizge kan batir da hannunsa tsirara. Direban ne ya kashe sauran da tukunyar kashe gobararsa. Da na isa, na tarar da Maigida zaune a kan shingen bakin hanya, hannun dama a naɗe cikin jiƙaƙƙen tawul, kwalin kek ɗin Fumie a gefensa. Motar asibiti ta tafi da shi, ni kuma na ɗora Mai Hanci a kan motar ja na kai ta garejina.

Ba na buƙatar bincike, amma na yi. Na zare agogon caji. Bayansa ya narke ya dunƙule kamar alewar da aka manta a rana. Daga nan wutar ta tashi, ta bi siririyar wayar nan tana cin robarta har cikin inji, har bakin altaneta. Fis ɗina mai ƙarfi yana nan lafiyarsa ƙalau, ko ɗumi bai ji ba. Na sa sifana a notin Maigida. Sai da na kama da hannu biyu na dafe ƙafa kafin ya motsa.

Litinin da safe Michiyo ta kawo shi. Ta baro Nagoya tun ran Lahadin, idanunta sun kumbura. Ya tsaya daga bakin ƙofa, nesa da motar, ya ƙi ko kallon inda take. Mutumin da in mota ta yi tari a ƙetaren titi sai ya je ya leƙa.

"Norio."

"Na'am, Maigida."

"Notin nan." Ya sunkuyar da kai. "Tun jiya nake neman tunawa. Na tuna ka miƙo mini sifana. Na tuna na mayar maka. Tsakanin biyun babu komai a kaina, fayau. Noti in ya yi sako-sako a wurin nan ka san abin da yake haifarwa. Ka duba?"

"Na duba."

"To?"

Michiyo tana kallona. Shi yana kallon ƙasa. A bangon da ke bayansu hotunan motocin 'yan ƙungiyarmu ne, masu tsofaffin motoci na kwarin nan kaf, su wajen arba'in, kowannensu ni yake kawo wa wayarin saboda an ce Kumagai almajirin Shiozawa ne, ba ya kuskure. Duk wannan ya wuce ta kaina a lokaci guda, kuma ba zan yi ƙarya ba, shi ya fi nauyi a sikelin.

Na ce, "Wuta ta ci wurin sosai, Maigida. Da wuya mutum ya ce ga takamaiman abin da ya faru."

A wurinmu kowa ya san ma'anar irin wannan magana. Idan ƙarami ya ce wa babba da wuya a ce, to ya ce e ke nan, ya dai rufa masa asiri. Na san haka zai ji ta. Don ya ji ta haka na faɗe ta.

Ya gyaɗa kai a hankali. Sai ya haɗa ƙafafunsa, ya sa hannuwa a gefe, mai bandejin da mai lafiyar, ya rusuna mini har ƙasa-ƙasa, irin rusunawar da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba.

"Na ɓata maka aiki. Ka yafe mini."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma ƙasa ba ta tsage ba, ni kuma ban buɗe baki ba. Na rusuna fiye da nasa ina cewa haba Maigida, haba Maigida, har suka shiga mota.

Na ce wa kaina zan gaya masa idan Michiyo ta koma. Ba a gaban 'yarsa ba, ai bai kamata ba. Ran Alhamis sai ga ta ita kaɗai da kwalin alewar gyaɗar dutse, irin mai tsadar nan da ake naɗewa da takarda mai zane.

"Kumagai-san, na zo godiya ne."

"Godiyar me kuma?"

"Da ka ce masa ba laifinsa ba ne don ka faranta masa, da yanzu yana kan hanya yana neman kashe kansa ko ya kashe ɗan wani. Ka san Baba, maganar likita ba ta shiga kunnensa, tawa kuwa iska ce. Taka ce kawai yake ɗauka." Ta share ido. "Jiya da kansa ya ce mini zai yi tunani a kan lasin. Ya ce in ba shi zuwa ƙarshen tsinkar tuffa."

Na karɓi kwalin da hannu biyu. Har na ce mata ba sai ta wahalar da kanta ba.

Kowa a nan ya san yadda abin yake. Tsoho ya je ofishin 'yan sanda da ƙafarsa ya miƙa lasin tuƙinsa, a ba shi wani kati a madadinsa. Abin da ba ya dawowa ke nan. Wanda ya miƙa ya miƙa. Idan ya sake shawara sai dai ya koma ya zauna jarrabawa daga farko kamar ɗan shekara sha takwas, har da gwajin ido. Ƙauyen Maigida kuwa bas biyu ke hawa a rana, ɗaya da sassafe ɗaya da yamma. Duk na san wannan. Amma abin da kunnena ya riƙe daga maganar Michiyo shi ne ƙarshen tsinkar tuffa. Ƙarshen watan sha ɗaya ke nan. Sati biyar. Sai na ji har numfashina ya daidaita, kai ka ce kyauta aka ba ni.

Harue ce ta fara gane ni. Kwana tara ina tura shinkafa gefe, ina cewa cikina ne.

"Cikin naka ya sa kwalin alewa yake kan firij ba ka buɗe ba? Kai da ko ta hadayar kabari ba ka ƙyalewa? Me ka yi?"

Na gaya mata. Ban taɓa tsammanin abin zai fito a jimla huɗu ba, amma a huɗu ya fito. Ta ajiye kwanon da ke hannunta.

"Tashi ka tafi."

"Zan je."

"Yanzu."

"Ke ba ki gane ba. Ba a zuwa wa mutum irin Maigida da baki kawai. Bari in gama gyara motar, in sake mata wayarin gaba ɗaya, in kai masa ita tana ƙyalli, sannan in faɗa. Gaskiya da gyara a tare."

"Oho. Wato so kake ka naɗe ta da takarda mai zane kamar alewa." Ta dube ni sama da ƙasa. "Shekara talatin da uku ina zaune da kai, na ɗauka zafin rai ne kawai aibinka. Ashe har da tsoro."

Na daka mata tsawa, na ce me ta sani a kan aikin maza da abin da ke tsakanin almajiri da maigidansa. Na fita na buga ƙofa. Duk wanda ya gaya mini gaskiya a kwanakin nan sai ya sha masifa, har mai kawo kayan gyara sai da na zage shi a kan ya ajiye kwali a karkace.

Aiki kam na yi. Ɗan ƙarfen da na yi oda ya iso tun Talatar farko, kwana biyu bayan gobarar, a cikin ambulan da bai kai tafin hannu ba. Na zare kowace waya a motar nan na sake sabuwa. Na ja mai kaurin daga altaneta zuwa batir, da fis ɗinta daidai ƙarfinta. Aikin da na ƙi yi bai ci mini awa biyu ba. Na samo wani agogon caji daga wani mutum a Matsumoto, na goge dashbod, na yi fenti. Kullum sai in samo wani abin da bai yi ba tukuna. Sau biyu na hango 'yar farar motarsa a fakin ɗin gidan tsofaffi, na sauya hanya. Na ce ai ga shi yana tuƙinsa, da sauran lokaci.

Rana ta goma sha tara abin gyarawa ya ƙare. Na zagaya motar sau uku ban samu ko ƙura ba. Na naɗe narkakken agogon a ƙyalle, na sa fis ɗin nan mai ƙarfi a aljihu, na hau motar garejina tun gari bai gama wayewa ba. Ban ɗauki Mai Hanci ba. A ƙarshe na ga Harue ta fi ni gaskiya, ko da yake ban gaya mata ba.

Ban kai gidansa ba. A rumfar jiran bas da ke ƙasan ƙauyen na gan shi, zaune shi kaɗai cikin rigar sanyi, da ƙunshin abinci a kan cinya. Ƙarfe bakwai saura. Tun daga nan na zargi wani abu, amma na ce ƙila motar ce ta ƙi tashi.

"Norio? Me ya hawo da kai da sassafe? Wani ya mutu ne?"

Na durƙusa a gabansa a kan siminti, na buɗe ƙyallen na miƙa masa. Ya karɓa da hagu. Bandejin ya fita daga dama, fatar tafin ta yi ja tana sheƙi. Bai kai agogon kusa da ido ba. Babban yatsansa ya sa ya shafa bayansa, ya tsaya a inda ya narke. Na ajiye fis ɗin a kan gwiwarsa. Ya ɗaga shi, ya juya, ya ji kaurinsa. Ban ga ranar da aka yi wa Shiozawa Tatsuji bayanin wayarin ba, kuma ranar ma ba a yi ba.

"Ba ka ja sabuwar waya ba."

"Ban ja ba."

"Na farkon ya ƙone, ka sa wannan."

"E."

"Notin fa?"

"Da hannu biyu na kwance shi, Maigida. Sai da na dafe ƙafa."

Ya buɗe hannun damansa yana kallo, ya rufe, ya sake buɗewa. Na yi ta jiran zagi. Da ya zage ni da na samu sauƙi, don na san zaginsa, na san inda yake farawa da inda yake ƙarewa.

"Yaushe ka sani?"

"Ranar."

"Kafin in zo in tambaye ka?"

"Kafin."

Ya sa hannu a aljihun ƙirji ya zaro walat, ya ciro wani kati ya riƙe mini a gaban fuska. Hotonsa ne, sabo, ya taje kai. Da ka gan shi ka ce lasin ne, amma ba lasin ba ne.

"Shekaranjiya."

"Amma Michiyo-san ta ce sai ƙarshen tsinkar..."

"Au, lissafi kake yi ashe." Ya mayar da katin. "Ni mutum ne da zan san hannuna ya mutu in ci gaba da bin hanyar da 'yan makaranta suke tsallakawa har sati biyar? Haka ka san ni?"

"Za a iya komawa a yi musu bayani. Ni zan je, zan rubuta, zan ce..."

"Ka ce me? Su ba su tambaye ni dalili ba. Yarinyar da ke ofishin ta karɓa ta rusuna ta ce na sha aiki." Ya yi 'yar dariya marar daɗi. "Jarrabawa kuma da wannan idon? A hanyar da na haddace nake tuƙi, Norio, kai ma ka sani."

"To ni zan riƙa kai ka. Kullum. Zan zo in ɗauke ka sha ɗaya, in dawo da kai. Zan rufe garejin in ya kama."

Kamar bai ji ba. Yana ta kallon hannun.

"Motar ba ta dame ni ba. Ƙarfe ne. Da ka ce mini sai Talata, da na zage ka na minti biyar na tafi da farar motar." Muryarsa ba ta tashi ba, ni kuwa na gwammace ta tashi. "Kwana goma sha tara ina tsoron hannun nan. In na kulle gas sai na koma sau huɗu. Na ɗauki cokali zan ba Fumie miya sai na ji ban yarda da shi ba, kada in ƙona ta ban sani ba. Na miƙa wa ma'aikaciya. Ina zaune a gefe ina kallo tana kau da kai. Kilo biyu ta rage."

Na kifa goshina a kan siminti. Na ce ya yafe mini, na faɗa na sake faɗa, ban san sau nawa ba. Ina cikin haka na ji ƙugin bas yana gangarowa.

Ya miƙe, ya ajiye agogon da fis ɗin a kan benci, ya gyara ƙunshin abincin.

"Tashi, mutane za su gani. Babba da kai."

"Maigida, ga mota. Don girman shekarun nan, ka bari in kai ka ko na yau ne."

"Na riga na sayi katin bas."

Ya hau a hankali, yana riƙe ƙarfen ƙofa da hannun daman. Ya zauna a ɓangaren da ba ya kallon inda nake.

Na bi bas ɗin a baya. Ban san me ya sa ba, ban dai iya wuce shi ba. Ya tsaya na tsaya, ya tashi na tashi, tasha goma sha huɗu har cikin gari. Ƙarfe takwas da 'yan mintuna ya sauka a gaban gidan tsofaffin. Ba a buɗe wa masu ziyara sai sha ɗaya. Ya zauna a kan bencin da ke waje, ya ɗora ƙunshin a cinya, ya ɗaga wuyan rigarsa saboda iska. Na faka a ƙetaren titi na kashe inji. Awa uku yana zaune ina zaune, kuma ko sau ɗaya bai dubi inda nake ba.